"Na sha na warke" bai isa hujja ba

A watan Maris na 2017 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi nan kusa da mu, a gundumar Madarunfa da ke jihar Maraɗi. Ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike mai suna Epicentre ne suka gudanar da shi tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar. Abin da aka gwada rigakafin zawo ne na ɗigo a baki, wanda kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya haɗa. Sau uku ake ba jariri: yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Ƙwayar cutar da ake nufi da shi ita ce rotabirus, mai kawo zawo da amai da ke tsiyaye ruwan jikin yaro cikin ƙanƙanin lokaci. Jarirai 3,508 aka yi lissafin ƙarshe da su. Kusan rabinsu sun sha rigakafin, sauran kuma aka ba su wani ɗigo mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Da aka bi diddiginsu, yara 31 cikin waɗanda suka sha rigakafin sun yi zawon rota mai tsanani. A ɗaya ɓangaren, yara 87 ne.

Likitocin duniya sun karanta sun yi aiki da shi, har a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafin. Amma mu da aka yi aikin da ƴaƴanmu, kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin waɗannan lambobi biyu. Abin yana damuna, domin a cikinsu akwai amsar gardamar da ake yi kullum a majalisa da gidan suna da bakin masallaci: ta yaya ake gane magani yana aiki?

Amsar da muka saba da ita kowa ya san ta. Je ka babbar kasuwa ka tsaya inda mai magani ya ajiye motarsa, lasifika a kan rufi, kwalabe da ƙulle-ƙullen gari jere a tabarma. Zai lissafo basir da shawara da sanyi da olsa da taifot da dattin ciki cikin numfashi ɗaya, ya ce kwalba guda ta ishe su duka, dala ɗari kacal. Kafin wani lokaci sai ka ga wani dattijo ya matso ya karɓi makirfo: "Jama'a, ni shaida ne. Wata uku ina fama, kwalba biyu na sha, yau ga ni tsaye." Nan take hannuwa su fara shiga aljihu. Ba na cewa dattijon ƙarya yake yi. Sau da yawa gaskiyarsa ya faɗa: ya yi ciwo, ya sha, ya samu sauƙi. Abin da bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani, shi ne yadda za ta kaya da bai sha ba.

Yawancin ciwon da ke kai mutum gaban mai magani ciwo ne da ke tafiya da kansa, ko mai zuwa yana komawa. Mura sati guda ce ko an sha magani ko ba a sha ba. Ciwon baya da basir suna tashi suna lafawa. Kuma mutum ba ya ciro kuɗinsa ran da ciwo ya yi sauƙi, sai ran da ya kai maƙura, ranar da daga ita galibi sauƙi ne ke biyo baya. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama, kwalba ta kwashe yabo. Ga kuma waɗanda suka sha ba su warke ba. Su ba sa zuwa karɓar makirfo. Wani yana kwance a ɗaki, wani ya koma wajen wani mai maganin, wani an riga an kai shi makwanci. Ko shaidu ashirin suka jeru, muddin ba mu san mutum nawa suka sayi kwalbar ba, ba mu san komai ba. Ashirin cikin talatin wani abu ne, ashirin cikin dubu biyu wani abu ne daban. Saƙonnin murya da ake turawa a WhatsApp masu farawa da "masana sun gano" ko "wani likita ya tona asiri" duk wannan ramin gare su.

Wannan rami shi ne gwajin Madarunfa ya cike. Rukuni na biyu, waɗanda suka sha ɗigon banza, su ne amsar tambayar da dattijon kasuwa ba zai iya amsawa ba: ga abin da ke faruwa in ba a sha ba. Kuma ba ma'aikaciyar lafiya ce ta zaɓi wanda zai shiga wane rukuni ba, ƙuri'a ce. Da an bar wa mutane zaɓi, da uwayen da ke kusa da asibiti, masu ruwan famfo, masu ɗan hali, su za su cika layin rigakafi, kuma ƴaƴansu dama sun fi samun lafiya ko ba rigakafi. Ƙuri'a ba ta san ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ba, sai ta raba su daidai a ɓangarorin biyu. Haka kuma uwa ba ta san abin da ɗanta ya sha ba, wanda ke auna tsananin zawon shi ma bai sani ba, don kada fata ko tsoro su shiga cikin awo.

Mai hankali zai ce: to, in arashi ne fa? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da lissafi. Duka-duka yara 118 ne suka yi zawo mai tsanani. Da rigakafin ba ya komai, da waɗannan 118 za su rabu kusan biyu daidai, wajen 59 a kowane ɓangare. In aka samu 55 da 63 ba abin mamaki ba ne, ƙuri'a takan karkata haka. Amma 31 da 87, ƙuri'a kaɗai ba ta kawo irin wannan rata ko sau ɗaya cikin dubu ɗari. Shi ya sa aka yarda ba dace ba ne.

Daga nan aka fitar da lambar da jaridu suka ɗauka, wato rigakafin yana kare kashi 66.7 cikin 100. Nan ne ake yawan samun rashin fahimta, don haka bari mu tsaya a kai. In ka bi yara 100 da ba su sha ba har tsawon shekara guda, wajen 6 za su yi zawon rota mai tsanani. In ka bi 100 da suka sha, wajen 2. Daga 6 zuwa 2 an rage kashi biyu cikin uku, shi ne 66.7 ɗin. To dubi abin ta idon uwa ɗaya a Ɗan Isa ko Gabi. Maƙwabciyarta ba ta kai ɗanta ba, kuma yaron lafiya lau yake, domin dama fiye da 90 cikin 100 ba za su yi wannan zawo mai tsanani a shekarar ba. Ita kuma ta kai nata, sai ga shi ya yi zawo, ko dai yana cikin biyun nan da rigakafin bai tsare ba, ko kuma wata ƙwayar ce daban, tunda rota ɗaya ce kawai cikin abubuwa da yawa masu kawo zawo. In ta ce "ni dai ban ga amfaninsa ba," wa zai ƙaryata ta? Abin da idonta ya gani ta faɗa. Yara huɗun da aka tsare cikin kowane ɗari ba su da alama a goshi. Suna wasa a tsakar gida, uwayensu ma ba su san an tsallake wani abu ba. Gida ɗaya ba ya iya ganin wannan, ƙauye ɗaya ma da wuya. Sai an tara dubbai an ƙirga ɓangarori biyu.

Akwai wani abin da ke ƙara nuna kaso shi kaɗai yana iya ruɗar mutum. A gwajin wani rigakafin rota da aka buga a 2010, kariyar ta kai kashi 76.9 a Afirka ta Kudu, a Malawi kuwa 49.4 kawai. Wanda ya tsaya nan zai ce bai yi wa Malawi amfani sosai ba. Amma cutar ta fi yawa da tsanani a Malawi, saboda haka cikin kowane jarirai 100 an tsare zawo mai tsanani 6.7 a shekara a can, a Afirka ta Kudu kuma 4.2. Inda kason ya fi ƙanƙanta, nan aka fi ceton yara. Duk wanda ya ce maka abu ya ragu ko ya ƙaru da kashi kaza, ka tambaye shi daga nawa zuwa nawa.

Masu binciken Madarunfa ba su tsaya ga 66.7 ba, sun rubuta a gefensa cewa gaskiyar na iya kasancewa tsakanin 49.9 da 77.9. Wasu na ɗaukar irin wannan a matsayin kame-kame. Ni a wurina shi ne alamar mai gaskiya. Jarirai 3,508 ba su ne dukan jariran Nijar ba. Kamar mai sayen gero ne da ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo: abin da ke tafinsa yana gaya masa halin buhun, amma ba tsaf-tsaf ba, kuma in ya ɗebo daga wurare da yawa ya fi kusantar gaskiya. Mai lasifika bai taɓa cewa "tsakanin kaza da kaza" ba. Nasa kullum ɗari bisa ɗari ne, sha yanzu magani yanzu.

Wannan hanyar ba kullum take faranta wa likitoci rai ba, kuma Madarunfa ce ta sake nuna haka. Shekara da shekaru ana ba duk yaron da ke da tamowa mai tsanani maganin amoksisilin, ko da ba a ga alamar wata cuta a jikinsa ba. Daga 2012 zuwa 2013 aka gwada wannan al'ada a ƙananan asibitoci huɗu na gundumar, da yara wajen 2,400 ƴan wata 6 zuwa 59. Duka an ba su abincin gyaɗar nan mai gina jiki, rabi aka ƙara musu amoksisilin na kwana bakwai, rabi maganin banza. Sakamakon da aka buga a 2016: kashi 65.9 suka murmure cikin masu amoksisilin, kashi 62.7 cikin marasa shi. Akwai ƴar rata, amma irin wadda ƙuri'a kaɗai kan kawo kusan sau ɗaya cikin goma, don haka masu binciken suka ce ba su ga tabbataccen amfani ba wajen murmurewa, duk da cewa an rage yawan yaran da ake kwantarwa asibiti. Shekara uku kafin nan, wani gwaji a Malawi ya nuna maganin yana rage mutuwa. To wa za a bi? Yaran ba iri ɗaya ba ne. A Malawi tamowa mai kumburi ta fi yawa, ƙanjamau ma ya fi yawa, mu kuma tamu galibi ta ramewa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawararta ta bayar da maganin ba. Ina kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa "bincike ya nuna" ba ƙarshen zance ba ne. Bincike biyu masu kyau suna iya saɓawa, kuma in sun saɓa, abin dubawa shi ne a kan su wa aka yi, da me aka auna.

Na san akwai masu jin kalmar "gwaji" gabansu ya faɗi, kuma suna da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi yardarsu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009. Labarin ya ƙetaro iyaka, har yau yana bakin mutane. Haƙƙin iyaye ne su tambayi wa ya ba da izini, wa ke sa ido, me za a yi in yaro ya samu matsala, kuma haƙƙinsu ne su ce a'a. Sai dai tsoron a cuce mu a gwaji bai kamata ya tura mu hannun wanda bai taɓa gwada nasa ba sam, yana sayar wa dubban mutane ba wanda ke ƙirga abin da ya same su.

Kada kuma a ɗauka raina maganin gargajiya nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi da ake bayarwa yau a asibitocinmu daga wani nau'in tazargade aka samo shi. Wata ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, suka tace sinadarin a farkon shekarun 1970, aka gwada aka ƙirga, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Wannan ganyen dai shi ne shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da shi a kwalba a watan Afrilun 2020 ya ce yana maganin korona, ba tare da an nuna wa duniya sakamakon irin wannan gwaji ba. Ganye ɗaya ne. Ina da yaƙinin a cikin saiwoyi da sassaƙen da kakanninmu suka bari akwai masu amfani na gaske, akwai marasa komai, akwai masu lalata ƙoda da hanta, kuma ba za mu taɓa rarrabe su da shaidar makirfo ba. Wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da masu maganin da kansu, in sun yarda a ƙirga.

Irin wannan rashin fahimtar yana bin hasashen damina. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, masana yanayi na ƙasashen yankin suna haɗuwa da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai su fitar da hasashe. Rediyo sai ta taƙaita ta ce "bana za a yi ruwa sosai." Su kuwa ba haka suke rubutawa ba. Suna ɗaukar ruwan shekara 30, daga 1991 zuwa 2020, su kasa shi uku: shekarun ruwa da yawa, matsakaita, da na ƙarancin ruwa. In ba wata alama, kowane kaso yana da yiwuwar ɗaya cikin uku. Sai su dubi zafin ruwan tekun Atlantika da Fasifik da sauran alamu su ce bana ma'aunin ya karkata. A ɗauka sun ce 50, 30, 20. Ma'anarsa, cikin shekaru goma masu irin waɗannan alamu, biyar za su yi ruwa da yawa, uku matsakaici, biyu fari. In bana ta faɗo cikin biyun nan, ba ƙarya suka yi ba, sun faɗa tun farko. Kuma jimillar ruwan yanki mai faɗi suke magana a kai, alhali kowa ya san hadari na iya zubarwa a Tibiri ya bar Jiratawa da ƙura. A 2024 an yi hasashen damina mai ruwa, kuma mun ga abin da ruwan ƙarshen Agusta ya yi wa birnin Maraɗi, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Amma wannan dacewar guda ɗaya ita ma ba ta isa a ce hasashe ba ya kuskure ba. Ana auna mai hasashe ne da tarin shekaru: duk lokutan da ya ce 50, shin kusan rabinsu sun tabbata?

Wasu na ganin hasashe kutse ne cikin gaibu. Ni ban gan shi haka ba. Wanda ya ce tabbas ran kaza za a yi ruwa, ko tabbas kwalbar nan za ta warkar da kai, shi ne ya yi da'awar abin da ba nasa ba. Wanda ya ce "na ƙirga abin da ya wuce, ga yadda ya rabu, gobe kuma ta Allah ce," bai wuce iyakarsa ba.

Kuma wannan ƙidaya ba sai mai digiri ba. Manomi na iya yin ta a gonarsa. A ce an kawo maka irin gero mai saurin nuna, kamar HKP da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, ke yaɗawa, ko wani taki da ake kururutawa. Kada ka zuba shi a gefen da ka san ya fi ƙarfi, kusa da gawo ko inda shanu suka kwana, sannan ka zo kana yabon iri. Raba gonar gida biyu masu kama da juna, ka jefa ƙuri'a a kan wanda zai samu sabon. Shuka rana ɗaya, noma rana ɗaya. Da kaka kada ka tsaya ga ƙirga dami, domin dami wani ya fi wani, a sussuka a auna da tiya. Gona ɗaya tana iya yaudara, saboda haka ku haɗu ku goma a ƙauye kowa ya yi haka a tasa. In gonaki tara cikin goma suka nuna sabon irin ya fi, ƙuri'a kaɗai ba ta kawo haka sai kusan sau ɗaya cikin ɗari, kuna iya fara faɗaɗa shi, kuna lura da yadda zai yi a shekarar da ruwa ya sha bamban. In kuwa shida da huɗu aka samu, ba a gano komai ba tukuna, sai a ajiye iri biyun a sake baɗi.